Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Kafin A Ɗora Wa Manhaja Laifin Lalacewar Sauti

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ina neman fili in yi magana da 'yan'uwanmu masu naɗar sauti a nan Legas, musamman matasan da ke ɗaukar karatun malamai a masallatan Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12, da masu ƙananan situdiyo da ke haɗa tallan 'yan kasuwa da waƙoƙin biki. Yaran nan suna ƙoƙari, kuma galibinsu babu wanda ya zaunar da su ya koya musu. Idan aiki ya ɓaci, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakinsu: manhajar ce ta lalace. Sai a goge ta a sake sakawa, ko a kwashi kwamfuta zuwa Ikeja wurin mai gyara, a biya kuɗi, a dawo a tarar da matsalar tana nan daram. Alhali sauti yana bin hanya ne mai zango-zango, daga bakin mai magana zuwa makirufo, zuwa waya, zuwa miksa, zuwa kwamfuta, zuwa fayil, zuwa lasifikar mai sauraro. Manhaja zango ɗaya ce kawai a cikinsu, kuma sau da yawa ita ce mafi ƙarancin laifi.

Bari in fara da fayil ɗin da ya ƙi buɗewa, don shi ne kukan da aka fi yi. Haruffan da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunan fayil, kamar mp3 ko wav ko m4a, lakabi ne kawai. Wanda ya goge m4a ya rubuta mp3 bai sauya komai ba, kamar wanda ya liƙa takardar sukari ne a kan buhun gishiri. Wannan dabara ta yaɗu sosai a tsakaninmu, kuma ita ke sa rediyon mota ya nuna sunan karatu amma ya tsallake shi. Windows kuma yana ɓoye waɗannan haruffa tun asali, saboda haka abu na farko shi ne a shiga saitin jakar fayiloli a kunna nuna su. Na biyu, a sauke ƙaramar manhajar nan ta kyauta mai suna MediaInfo. Ita za ta faɗi ainihin abin da ke cikin fayil ko da an sauya masa suna. VLC ma tana nuna wannan bayani, kuma tana iya juya fayil daga wani tsari zuwa wani juyi na gaskiya.

Saƙon murya na WhatsApp da tsarin Opus ake matse shi, shi ya sa yake zuwa da ƙarshen opus ko ogg. Manhajar naɗar murya ta iPhone tana fitar da m4a. Tsofaffin wayoyi masu madannai suna fitar da amr, wanda aka yi shi don kiran waya, yana ɗaukar samfur, wato awon igiyar sauti, sau 8,000 ne kacal a daƙiƙa, kuma babu gyaran da zai mayar da shi tangaram. Audacity, wadda mafi yawanmu ke amfani da ita saboda kyauta ce, ba ta buɗe m4a, amr da wma ita kaɗai. Sai an saka mata ƙarin da ake kira FFmpeg, a shiga Preferences, a je Libraries, a nuna mata inda yake. A kula: idan Audacity ɗin mai bit 64 ce, FFmpeg ɗin ma ya zama mai 64, in ba haka ba za ta yi kamar ba a saka komai ba. Batun fitar da mp3 kuwa ya zo da sauƙi tun 2019, lokacin da aka haɗa LAME, ƙarin da ke fitar da mp3, a cikin manhajar. Duk wanda tasa ke tambayarsa LAME har yanzu, tsohuwa ce ƙwarai, ya sabunta.

Akwai kuskuren da ke cinye aikin kwanaki, wato ɗaukar fayil ɗin aiki a matsayin sauti. Tsohuwar Audacity tana ajiye aiki gida biyu: ƙaramin fayil mai ƙarshen aup, da jaka mai suna iri ɗaya da ke ƙarewa da data. Sautin yana cikin jakar, a yanyanke gutsi-gutsi. Idan aka kwafi aup kaɗai aka tura wa wani a Kano, takardar jagora kawai aka tura masa babu kaya. Daga fitowa ta 3.0 a 2021 an haɗe komai cikin fayil guda mai ƙarshen aup3, amma shi ma yana da sharuɗɗansa. Kada a kwafe shi manhaja tana buɗe, domin a lokacin akwai wasu fayiloli biyu na wucin gadi a gefensa masu ƙarewa da wal da shm, kuma aikin baya-bayan nan yana cikinsu har sai an rufe. Kada kuma a yi aiki kai tsaye a kan filasha. A ajiye a cikin kwamfuta, a rufe, sannan a kwafa. Haka lamarin yake a Adobe Audition da FL Studio: fayil ɗin sesx ko flp bayanin shiri ne da adireshin inda sautuka suke. Aka matsar da jakar sautin ko aka sauya mata suna, sai manhaja ta ce ba ta gan su ba. Maganinsa a buɗe jaka guda ga kowane aiki tun ranar farko, komai ya zauna a ciki.

Yanzu ga abin da na fi so a tsaya a kansa, domin ya fi shafar mu a Legas: wuta. Wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Wannan juyi shi ne gurnanin nan mai kauri da ake ji a ƙarƙashin muryar malami, kamar firij yana aiki. Yakan shigo ta hanya biyu. Ko dai wayar sauti marar kariya ta kwanta kusa da wayar wuta, ko kuma miksa da kwamfuta an jona su a soket daban-daban, ɗan bambancin da ke tsakaninsu ya bi ta wayar sauti. Gwajin bai kai minti ɗaya ba: a sa abin saurare a kunne, a zare cajar laftof. Idan gurnani ya ɗauke, an gano ɓarawon. A yi naɗin da batir, ko a jona miksa da kwamfuta a soket ɗaya, ko a sayi ƙaramin akwatin da ke raba layin ƙasa tsakanin na'urori biyu, wanda masu sayar da kayan sauti ke kira DI. Idan tazarar makirufo da miksa ta wuce 'yan mitoci, a yi amfani da waya mai baki uku irin XLR, wadda aka ƙera ta don ta kashe irin wannan hayaniya. Ina roƙon 'yan'uwa da babbar murya, kada a karya ƙafar ƙasa ta filogin amfilifaya don a kashe gurnani. Takan kashe shi, amma ita ce ke hana wuta bin jikin makirufo zuwa hannu da leɓen mai magana. Ran mutum ya fi tsabtar sauti.

Idan an riga an naɗa da gurnanin, akwai gyara. A zaɓi wurin da babu magana, a buɗe Plot Spectrum a Audacity a ga inda tsinin yake. Sannan a sa matatar Notch Filter a kan 50, a maimaita a kan 100 da 150, domin gurnanin yana da 'ya'ya a ninkinsa, kuma a ƙaramar lasifikar waya 'ya'yan ne ma ake ji. Ga magana zalla, ana iya datse duk abin da ke ƙasa da 80 da High-Pass Filter ba tare da an taɓa muryar sosai ba. Sai dai janareta yana da nasa hali. Ƙaramin janareta sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da 50 cif, kuma da an kunna fanka ko amfilifaya ta ja wuta, gudunsa ya sauka, gurnanin ya gusa ƙasa ko sama. Matatar da aka ɗaure a kan 50 sai ta riƙa kuskurensa. A nan dole a faɗaɗa bakin matatar, ko a raba naɗin kashi-kashi a auna kowanne. Wannan wahala ita ce hujjar naɗa da batir duk lokacin da aka koma kan janareta.

Ɗaukewar wuta ana tsakiyar naɗi kuwa, ita ce ke haifar da fayil mai nauyi amma ya ƙi buɗewa, ko ya nuna tsawonsa sifili. Kada a goge shi. Fayil ɗin wav yana da ɗan kai a farkonsa inda ake rubuta tsawon sautin, kuma na'urori da yawa ba sa cike wurin sai an danna tsayawa. Sautin yana nan, kan ne bai cika ba. A Audacity a bi File, Import, Raw Data, a zaɓi Signed 16-bit PCM, Little-endian, a faɗi ko layi ɗaya ne ko biyu, wato hagu da dama, a sa adadin samfurin da aka naɗa da shi. Idan aka ji ƙara shuuu mai tsanani, a rage lasifika, a sake shigo da shi a sa Start offset a kan 1. Idan da bit 24 aka naɗa, a zaɓi 24 a gwada 0, 1 da 2, ɗaya zai dace. M4a bai da wannan rangwame, domin jadawalin da ke bayyana inda kowane gutsure yake sai a ƙarshe ake rubuta shi, kuma idan bai samu ba ceto yana da wuya ƙwarai. Saboda haka duk na'urar da ke ba da zaɓi, a naɗa da wav.

Wav yana da nauyi, gaskiya ne, amma a yi lissafi. Samfur 44,100 a daƙiƙa, bit 16, layi biyu, yana cin kusan megabait 635 a awa. Muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar layi biyu. A layi ɗaya rabin haka ne. Tafsirin awa ɗaya da rabi kullum har kwana 30 zai tsaya wajen gigabait 14. Wanda wuri ya yi masa ƙaranci ya ajiye da flac, wanda ke rage nauyi zuwa kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba. A tuna kuma cewa fayil guda ba ya wuce gigabait 4 a katin memorin da aka tsara da tsarin ajiya na FAT32, shi ma wav na yau da kullum iyakarsa ke nan, saboda haka doguwar muhadara a riƙa tsayawa ana sabon fayil lokacin hutun salla. Katin memori na jabu ma yana yawo a kasuwa: an rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar fayiloli ba musu, ran da aka zo buɗewa a tarar da wofi. Sabon kati a gwada shi da manhajar H2testw kafin a ba shi amanar karatu.

Shi mp3 don rabawa aka yi shi. Yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da abin da yake ganin kunne ba zai lura da shi ba, kuma abin da ya zubar ya tafi ke nan. Idan aka buɗe mp3 aka yanka aka sake fitarwa a mp3, an zubar sau biyu. Wani ya karɓa ya sa masa tallan shagonsa a farko, sau uku. Kafin karatun ya zagaya rukunonin WhatsApp biyar, haruffan sin da shin sun koma wani tsiyaya-tsiyaya kamar ana magana a cikin ruwa, kuma ga karatun Alƙur'ani wannan ba ƙaramar asara ba ce. Juya mp3 zuwa wav ba ya dawo da abin da ya tafi, nauyi kawai yake ƙarawa. Tsarin da ya dace shi ne a naɗa da wav, a yi duk gyara a kansa, a fitar da mp3 sau ɗaya a ƙarshe, a adana asalin. Ga magana a layi ɗaya, kilobit 64 ya wadatar, awa guda ba ta kai megabait 30 ba. Ga ƙira'a ko waƙa a hau zuwa 128 ko 192. Idan abokin aiki za a tura wa ya ci gaba da gyara, a tura wav ɗin a WhatsApp a matsayin takarda, wato ta Document, zai isa yadda yake.

Wani lokaci murya takan fito siririya da sauri kamar ta yaro, ko ta yi kauri da jan jiki. Saɓanin adadin samfur ne. Faifan CD yana kan 44,100, bidiyo kuma yana kan 48,000. Idan aka karanta na farko da ma'aunin na biyu, gudu ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, karatun awa guda ya ƙare a minti 55. A Audacity gyaran yana cikin ɗan jerin da ke gefen layin sautin, inda aka rubuta Rate: a mayar da shi kan adadin asali. Resample aikinsa daban, yana juya fayil mai lafiya ne zuwa sabon adadi ba tare da ya taɓa gudunsa ba, kuma rikita su biyun ya sha wahalar da mutane. Duk sautin da za a ɗora kan bidiyo a naɗe shi da 48,000 tun farko. Idan duk da haka baki da murya suna rabuwa a hankali yayin da bidiyo ke tafiya, a zargi wayar da ta ɗauki hoton, domin wayoyi kan sauya adadin hotuna a daƙiƙa gwargwadon haske. A bi da bidiyon ta manhajar HandBrake a tsayar da adadin wuri ɗaya kafin a fara haɗawa.

Ga wata matsala mai ɗaure kai. Mai gyara ya saurara da abin kunne ya ji komai lafiya, ya tura, mutane suka ce ba sa jin komai a wayarsu sai ɗan shiririta can ƙasa. Abin da ya faru shi ne an ɗauko sauti daga mafitar XLR ta miksa aka shigar da shi ramin sitiriyo da wayar da ba ta dace ba. Hagu ya samu sautin, dama ya samu kishiyarsa a kife. Kunne biyu suna jin kowanne daban, amma waya mai lasifika ɗaya tana haɗe su, sai su cinye juna. A danna Split Stereo to Mono, a goge layi ɗaya, a fitar da wanda ya rage. Haka ake yi wa sautin da ke fita a kunne ɗaya kawai. Kuma ya zama al'ada, kafin a saki kowane aiki a saurare shi a ƙaramar waya, domin da ita mafi yawan jama'armu za su ji shi.

Fashewar murya kuwa, wato inda sauti ke kakkarcewa idan malami ya ɗaga murya, daga shiga take. Ma'aunin yana da rufi a sifili, abin da ya wuce shi an aske masa kai. A saita ƙarfin shiga yadda mafi ƙarfin magana zai tsaya tsakanin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 12 da 6 ƙasa da sifili, a bar sarari don lokacin da wa'azi ya yi zafi. Rage ƙara bayan an naɗa ba ya gyara askin. Clip Fix yana taimakawa idan wuraren kaɗan ne, amma ba ya ceto awa guda da ta fashe. Sanadin da aka fi samu shi ne jona mafitar miksa kai tsaye a ramin makirufo na waya ko laftof, wanda aka yi shi don sigina mai rauni ƙwarai. A sa ƙaramin katin sauti na USB mai mashigar layi a tsakani. A duba bakin filogin ma: ramin waya yana son mai zobe uku baƙaƙe, mai zobe biyu na abin kunne ne, kuma idan aka sa shi wayar za ta ci gaba da naɗa da makirufonta na ciki, a dawo gida da amon masallaci da ƙarar danfo.

Shi amon ɗaki, gara in faɗa ƙarara, Noise Reduction ba ya cire shi. Aikinsa hayaniya mai ɗorewa iri ɗaya kamar ta fanka. A naɗi daƙiƙa 10 na shiru kafin a fara, a zaɓe shi a danna Get Noise Profile, sannan a zaɓi duka a rage da desibel 6 zuwa 12. Aka zarce haka, muryar ta koma ta ƙarfe. Maganin amo shi ne kusanci: makirufo ya kasance kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace don kada iskar haruffan fa da ba ta buge shi. Wayoyin da ke kusa da miksa a sa su a yanayin jirgin sama, su ne ke kawo dit-dit-dit ɗin nan kafin kira ya shigo. Danshin Legas da iskar teku kuma suna sa bakin filogi tsatsa, shi ne ƙaras-ƙaras ɗin da ake ji idan waya ta motsa. A riƙa goge su, a ajiye makirufo a akwati tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Idan manhaja ta ce ta kasa buɗe na'urar sauti, yawanci an jona makirufon USB ne bayan an buɗe ta. A danna Rescan Audio Devices ko a rufe a sake buɗewa. Idan layi ya fito a miƙe babu motsi, a duba saitin sirri na Windows ko an hana manhajoji taɓa makirufo, a kuma tabbatar an kunna wutar 48V idan makirufon irin na situdiyo ne mai buƙatarta. Ɗan ƙas da ake ji a wurin yanka yana tafiya idan aka danna harafin Z kafin a yanke, domin yana matsar da iyakar zuwa inda igiyar sauti ta ratsa tsakiya. Tun da an zo kan yanka, ina tunatar da ƙannena cewa maganar malami amana ce. A cire tari da dogon shiru, amma kada a datse jumla ta yadda sharaɗin da ya gindaya zai faɗi, a bar hukuncin tsirara.

Saura masu loda karatu a filasha don direbobi da masu shaguna. Yawancin rediyon mota da ƙananan akwatunan sauti mp3 kawai suka sani, a kan filasha mai tsarin FAT32. Manyan filasha sukan zo da exFAT, sai rediyo ya ce babu komai a ciki. A kwashe kayan, a sake tsara ta, a mayar. A fitar da mp3 da ma'auni tsayayye, wanda aka rubuta Constant, don mai sauyawa yakan sa tsofaffin na'urori su nuna tsawon da ba daidai ba ko su kasa gaba da baya. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, na'urori da yawa ba su san su ba, sai su nuna akwatuna ko alamar tambaya a madadinsu. Ina ƙaunar a rubuta Hausa daidai, amma a sunan fayil ɗin da za a kai mota a yi haƙuri a sa k da d da b. Lambar darasi kuma a fara ta da sifili, 01, 02, har zuwa 30, in ba haka ba darasi na 10 zai riga na 2 fitowa.

Na gode da wannan fili, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani mai aikin haɗa sauti,
Agege, Legas.